Yadda ake koya wa yaro shiga daji ya dawo gida lafiya

Akwai yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana kan dutse, gobe yana bakin rafi da danƙon harbin tsuntsu a wuya, kuma bulala ba ta hana shi. Irin wannan gara a koya masa yadda ake fita a dawo. Sai dai a halin tsaron da ake ciki, horon nan a gona ko bayan gari ake yin sa, tare da babba. Ba zancen kutsawa dajin Falgore ko Rugu ake yi ba.

Da farko, a shirya guzuri: gorar ruwa, ashana ƙulle a leda, 'yar tocila, ƙuli-ƙuli ko dabino, da usur. Murya tana dushewa in an daɗe ana ihu, usur kuwa ba ya gajiya. Takalmi mai rufe ƙafa zai sa, ba silifa ba. Kafin ya taka ƙofa, ya faɗa wa wani a gida inda za shi, da lokacin dawowa, misali kafin la'asar.

Na biyu, waiwaye, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Yadda hanya take a tafiya daban, a komowa daban. Kukar da kuka bari a hannun dama, da kun juyo tana hagu, wani lokaci ma sai yaro ya rantse bai taɓa ganin ta ba. Duk bayan taku kamar 100 ku tsaya, ka ce masa, "Juya ka gaya mini abin da ka gani." Ya lissafa: ga suri, ga giginya mai karkata, ga kwazazzabo. A komowa ka sa shi gaba. In ya kauce, ka kama bakinka, ka bar shi ya gano da kansa. Iyaye da yawa nan suke kasa haƙuri, sai su yi saurin nuna hanya, darasin ya tashi a banza.

Na uku, gano gabas. Da safe ko yamma rana ta isa. Da tsakar rana kuwa, a kafa sanda a fili, a ajiye dutse a ƙarshen inuwarta, a jira minti 20, a ajiye wani inda inuwar ta koma. Dutsen farko yamma ne, na biyu gabas. Amma sanin gabas bai da amfani ga wanda bai lura ta wane ɓangaren ya baro gari ba, don haka tun a fita za ka tambaye shi.

Na huɗu, abin ci da abin gudu. Magarya, kanya, kurna, aduwa, goruba da tsamiya, ka tsinka ka ba shi a hannu. Ka kuma nuna masa bini-da-zugu, wanda 'ya'yansa ke ruɗin yara su ci kamar gyaɗa su yi ta amai da zawo, da zurma, da zaƙami, da tumfafiya mai farin ruwan da ke cutar da ido. Abin da babba bai taɓa ba shi ba, kada ya kai baki. Kada ya zura hannu a rami ko suri. Kububuwa launin ƙasa gare ta. In an yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau. A ɗauke shi sai asibiti. A Kaltungo ta jihar Gombe ma akwai asibiti na musamman don saran maciji.

In kuma ya ɓata? Ya tsaya cak. Tsoro kan sa yaro gudu, gudun kuma yana nesanta shi da masu nema. Ya samu inuwar bishiya ya zauna, ya kurɓi ruwa, ya busa usur sau 3, ya saurara, ya sake. In duhu ya shiga, ya share ciyawar da ke kewaye da shi kafin ya ƙyasta ashana, musamman da hunturu, lokacin da daji ke kamawa da wuta nan take.

Ku gwada wannan kamar wasa. Ka laɓe bayan wata kuka inda kana hango shi, shi ba ya ganin ka, ka ga ko zai zauna ya busa, ko zai zabura da gudu. In ya zabura, ku sake gwadawa ranar Asabar mai zuwa.