Yadda na koma fita shan iska duk da ciwon gwiwa

Ciwon gwiwa ya zaunar da ni a gida, zaman kuma ya ƙara sandarar da ƙafar. In na matsa wa kaina na yi doguwar tafiya, sai ta kumbura in kwana ina juyi.

Rarraba tafiyar ne ya warware matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma a ƙa'idojinta na 2020 ko 'yan mintuna ma suna shiga lissafi. Sai na mayar da ita gutsi-gutsi: bayan asuba in taka zuwa gindin darbejiyar bakin layinmu, in huta a dakali, in dawo. Da la'asar in ba zogale da yakuwa ruwa ina zaune a doguwar kujera, don 'yar tsugunno azaba ce wajen tashi.

Muddin ina iya gaisawa da maƙwabci ba tare da haki ba, ban wuce gona da iri ba. Na ajiye silifas na koma takalmi mai taushin ƙasa. Da hunturu kuwa sai hantsi nake fita, saboda sanyin asuba yana ƙara min ciwon, ƙurar kuma tana tayar min da tari.