Yadda na hana katangar ɗan gidana tsagewa

Ɗan ƙaramin gidan ƙasa nake ginawa a kan katako, a sikelin 1:35, wato ƙofa mai tsayin mita 2 ta koma kusan santimita 5.7. Na kwaɓa jar ƙasa zalla, na yaɓa da kauri, na bar shi a tsakar gida. Washegari iskar hunturu ta tsattsage katangar kaf.

Laifina ne, laka tana ƙanƙancewa in tana bushewa, in ta bushe da sauri kuwa sai ta tsage. Na kankare, na tankaɗe ƙasar da rariya, na haɗa da yashi mai laushi da farin gam na kafinta. Yaɓe siriri sau uku, kowanne ya bushe a ɗaki. Tsaga ɗaya ta rage kusa da zaure, na ƙyale ta, ta fi kama da tsohon gini.