Waya da ƙwayoyin gado: yadda nake tace irin wannan labari

Yayata ce ta turo min saƙon a WhatsApp da tsakar dare, wai masana sun gano tururin waya, wato siginar da take fitarwa, yana "canza ƙwayoyin gado". Har ta rantse ba za ta ƙara kara waya a kunne ba. Ni da nake koyar da ilimin halittu, akwai tambayoyin da nake yi kafin hankalina ya tashi.

Fara da wannan: motsi aka gani ko lalacewa? Ƙwayoyin gado, wato umarnin ginin jiki da muke gada daga iyaye, ba a kwance suke ba, kullum wasu na kunnuwa wasu na lafawa. Ka yi gudu, ka yi wanka da ruwan zafi, ka kwana ido biyu, duk sai aikinsu ya motsa. Tururin waya kuwa ba irin na hoton ƙashi ba ne, ba shi da ƙarfin tsinka DNA, zaren da ƙwayoyin gado ke kansa, kai tsaye. Abin da aka tabbatar yana yi shi ne ɗan ɗumama nama.

Sai ka duba a kan me aka yi gwajin, nan ne gizo ke saƙa. A 2002, Dariusz Leszczynski da abokan aikinsa a hukumar kula da tururi ta Finland sun sa ƙwayoyin jijiyar jini a faranti, suka haska musu siginar waya na awa ɗaya. Wani furotin (sinadarin da jiki ke ƙerawa bisa umarnin ƙwayoyin gado) mai suna hsp27, wanda ƙwayar jiki ke motsawa idan ta takura, ya canza. A 2008 suka gwada a fatar hannun mata goma, suka ga furotin takwas sun bambanta. Mutum goma fa, kuma ba cuta aka nuna ba. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: irin waɗannan gwaje-gwaje suna auna ɗaruruwa ko dubban furotin ko ƙwayoyin gado a lokaci guda, dole wasu su bambanta ko da ba a yi musu komai ba. Don haka ka nemi ko an kula da zafin farantin, da ko wani ɗakin binciken ya maimaita ya samu iri ɗaya. Sau da yawa ba a samu.

A 2011 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tururi a rukunin 2B, wato "mai yiwuwa" ya jawo cutar kansa. A 2024 wani bita da hukumar ta sa aka yi ya tattara bincike 63, bai ga alaƙa da kansar ƙwaƙwalwa ba.

In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, tazara ce maganin, don ƙarfin tururin yana faɗuwa da sauri da zarar wayar ta bar jiki. Sa ta a sifika ko ka yi amfani da abin sawa a kunne. Guji dogon kira idan sabis ya koma sanda ɗaya, domin a lokacin ne wayar ke ƙara ƙarfi don ta kamo turken sabis. Ka ajiye ta a tebur da dare, ba ƙarƙashin matashi ba. Duba adadin SAR, wato yawan tururin da jiki ke zuƙa daga waya, a takardar wayar: iyakar Amurka wat 1.6 ce a kowane kilo, ta Tarayyar Turai wat 2.

Sitikar nan da ake mannawa a bayan waya wai tana tare tururi, kar ka ɓata kuɗinka. In ma ta tare siginar, ƙara ƙarfi kawai wayar za ta yi.