Yadda Ake Duba Kan Babur Bayan Ya Sha Ƙasa

Baburan hawa dutse, irin su Montesa na Sifaniya da Beta na Italiya, nauyinsu kilo 70 ne ko kusa da haka, kuma yawancin kayan gabansu alminiyom ne. In mutum ya zame da irinsu a duwatsun Dass da ke Jihar Bauchi, kan babur da wuyansa ne ke fara shan duka. Wannan bayani ya shafi babur Boxer ɗin da ke zirga-zirga a Wunti cikin garin Bauchi ma, don ginin wuyan bai bambanta sosai ba.

Da farko kada ka sake hawa. Wanke gaban tas, ka ɗora cikin babur a kan bulo yadda tayar gaba za ta bar ƙasa.

Tsaya a gabansa ka duba. In taya ta miƙe amma hannun babur ya karkace, kada hankalinka ya tashi, sau da yawa shokozoba ce ta murɗe cikin ƙarafa biyun da ke riƙe da ita. Bar na saman a ɗaure, ka sassauta ƙusoshin na ƙasan da notin taya. Sauke babur, ka danna gaban da ƙarfi sau da dama, komai zai koma mazauninsa. Sai ka ɗaure daga sama zuwa ƙasa.

In bai daidaita ba, akwai abin da ya lanƙwashe. Zare sandunan shokozoba ka mirgina kowace a kan gilashi ko tebur mai santsi. Mai lanƙwasa za ta riƙa ɗaga ciki.

Daga nan sai boris ɗin wuya. Da taya a sama, juya kai dama da hagu a hankali. In yana cijewa a tsakiya, ko ka ja ƙafafun shokozoba gaba da baya ka ji ƙwas-ƙwas, a sake boris ɗin har da mazauninsa, a cika giris. Notin wuya kuwa ana ɗaure shi ne daidai inda girgizar ta ɓace, wuce nan kai ya yi tauri.

Abin da ya fi damuna shi ne tsagewar da ido ba ya gani. Shafa kananzir a gindin hannu da kewayen ramukan ƙusa, ka goge ya bushe, sannan ka goga alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya maƙale ciki zai fito ya zana siririn layi a kan allin. Duk alminiyom ɗin da ya nuna wannan layi, ko ya lanƙwashe, a cire shi. Don Allah kada ka yarda a zura bututu a miƙe shi, ko a kai wa mai walda ya ɗinke. Zai yi kyau a ido, amma ranar da zai karye ba ya sallama, kuma kana bisa dutse ne ko tsakiyar titi. Jiran sabo ya fi, ko da daga Turai za a aiko.

Duba kuma ɗan ƙarfen da ke tare kai kada ya bugi tanki. In ya ɓalle daga firam na ƙarfe, ƙwararren mai walda na iya mayarwa, bayan an cire tanki da boris.

Kafin ka fita, tayar da injin ka juya kai har ƙarshe ta kowane gefe. In ƙarar ta tashi da kanta, wayar totur ta maƙale, sai a gyara mata hanya. Gwajin farko a fili ake yi, a giya ɗaya.