Kurakuran da ke ɓata wa mai son sammako shiri

Akasarinmu ba tashin ne ke ba mu wahala ba. Ladan ya kira sallar asuba, mun tashi, mun yi alwala, mun yi sallah. Da an sallame sai kowa ya ja bargo ya koma, ba a sake jin ɗuriyarsa sai tara saura. Na yi shekaru a haka ina zagin kaina da lalaci, sai daga baya na zauna na yi lissafi. Ina kwanciya ƙarfe ɗaya na dare, in tashi biyar da kwata. Awa huɗu ke nan da 'yan mintoci. Jikin da aka yi wa wannan rowar dole ya biyo bashinsa, ko a kan katifa bayan asuba, ko a kan kujerar ofis da hantsi.

Kuskuren da ya fi kowanne girma ke nan: mutum ya matso da lokacin tashi, ya bar lokacin kwanciya inda yake. Likitocin barci sun ce baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9, matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Wanda ke son ya tashi ƙarfe biyar ya wuce harkokinsa bai koma ba, to ƙarfe goma ta same shi a kwance. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin isha'i, ba ya kuma son hira bayanta. Mu kuwa bayan isha'in ne majalisa ke ɗaukar harama. A zauna teburin mai shayi, a taɓa siyasa, daga nan a wuce gidan kallon ƙwallo. Wasan Zakarun Turai da aka take ƙarfe tara ba ya tashi sai wajen sha ɗaya, sannan a tsaya musu a kan fanaretin da alƙalin wasa ya hana. Ban ce a daina kallo ba, ni ma ina yi. Amma ranar da ka kalla, ka san da safiyarka ka biya kuɗin shiga. Gyaran shi ne ka fara tsai da lokacin kwanciya. Idan ƙararrawa za ka saita, saita ta ƙarfe tara da rabi na dare ta tuna maka ka tashi daga majalisa.

Sai masu yi da ƙarfin tsiya. Jiya ya tashi takwas, yau ya yi rantsuwa daga gobe huɗu da rabi. Kwana uku yake yi ya sare. A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogon da ke tsara lokacin jin barci da na wartsakewa, kuma ba ya juyawa dare ɗaya. Binciken yadda wannan agogo ke aiki ne ya ba wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017, bayan gwaje-gwajen da suka yi a kan wasu ƙananan ƙudaje. Agogon na bin lallami. Matso da kwanciya da tashi da minti 15 zuwa 20, ka zauna a haka kwana biyu ko uku, sannan ka ƙara. A cikin wata guda sai ka ga ka ci awa biyu ba tare da ciwon kai ba.

Abin da ya fi saita agogon nan shi ne haske. Duhu ne ke sa jiki ya saki sinadarin melatonin mai kiran barci, hasken safiya kuma ya tsayar da shi. Shi ya sa wanda ya dawo daga masallaci ya shige ɗaki ya saki labule yake jin kamar ana danna shi cikin katifa. Ka zauna a tsakar gida ko ƙofar gida har gari ya waye sosai, ka yi azkar ɗinka a nan, ko ka ɗan taka. Lokacin hunturu abin da wuya, na sani, sai a haɗa da rigar sanyi.

Wannan nauyin jikin na farkon tashi ma yana yaudarar mutane. Sai mutum ya ce ai barcin bai ishe shi ba, alhali ko wanda ya yi awa takwas yana jin sa, kuma yawanci cikin minti 15 zuwa rabin awa yake sakin mutum. Kada ka yanke hukunci a kan gado. Tashi ka watsa ruwa a fuska, ka sha ruwa, ka ba shi rabin awa tukuna.

Yanzu ga inda za mu ɓata da dattawa: goro. Goro na ɗauke da kafin, sinadarin da ke cikin kofi da ganyen shayi. Wannan sinadari yana daɗewa a jini, wajen awa biyar kafin rabinsa ya fita. Wanda ya ɓare goro bayan magariba, ko ya sha shayin nan mai kauri da ake dafawa a ƙaramar buta ana zubawa zagaye uku, to ƙarfe sha biyun dare da sauransa a jikinsa. Wani zai ce shi ko ya ci goro barcinsa yake yi. Yana yi, amma ba mai nauyi ba, kuma da safe ake gane bambancin. A bar su daga azahar, in an matsa daga la'asar.

Waya kuwa laifinta biyu ne. Ga haskenta a ido cikin duhu, ga abin da ke cikinta. Ka ce bari ka duba saƙo ɗaya a WhatsApp, ka tsinci kanka a TikTok ƙarfe ɗaya saura. Uzurin da kowa ke kawowa shi ne da ita yake saita ƙararrawa. To a ajiye ta can nesa, inda sai an miƙe tsaye za a kashe ta. Wannan ya magance har da halin nan na danna "ƙara minti biyar" sau shida, barcin da ba ya ƙara wa kowa komai.

Akwai kuma masu riƙewa Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar da Lahadi su rama har sha ɗaya na rana. Agogon jiki bai san Lahadi ba. Ranar Litinin sai a koma farko. In za a ƙara, kada ya wuce awa ɗaya.

Kuskuren da ba a cika ambata ba shi ne tashi babu abin yi. Ka tashi biyar, ka zauna kana kallon bango, me zai hana ka koma? Albarkar safiya tana ga wanda ya sa ta aiki. Sahabin da ya ruwaito addu'ar Annabi (SAW) ta neman albarka ga al'ummarsa a sammakonta, Sakhr al-Ghamidi, ɗan kasuwa ne, kuma an ce da sassafe yake tura hajarsa, har ya yi dukiya mai yawa. Hausawa ma sun ce da sanyin safiya ake kama fara. A watannin Maris da Afrilu, awa biyun da ke tsakanin asuba da fitowar rana sosai sun fi duk yinin daɗin aiki. Manomi ya san haka, mai ƙosai ta san haka. Ɗalibi zai yi hadda babu hayaniyar yara, mai fita aiki zai riga cunkoso. Tun da dare ka zaɓi abu ɗaya da za ka yi, ka ajiye kayansa a inda ido zai fara sauka: littafin a buɗe, takalmin motsa jiki a bakin ƙofa.

Ƙailula tana taimakawa, musamman ga wanda darensa bai cika ba, amma minti 20 zuwa 30 bayan azahar ya isa. Wanda ya miƙe bayan la'asar har kiran magariba, ya cinye barcinsa na dare ke nan.

Wannan magana ba ta shafi kowa daidai ba. Mai gadi, ma'aikaciyar jinya mai kwana a asibiti, direban dare, mai jego da jariri ke tasa sau uku, duk waɗannan abin da ke gabansu shi ne su cika awoyinsu a duk lokacin da suka samu, kada wani ya kira su ragwaye. Halitta ma ta bambanta, wani tun yana yaro da dare kansa ya fi buɗewa, kuma matsowarsa za ta fi ɗaukar lokaci. Sai wanda ke kwanciya da wuri, ya yi awa takwas cur, amma kullum ya tashi a gajiye da ciwon kai, ga minshari mai ƙarfi, har iyalinsa kan ji numfashinsa na ɗaukewa yana dawowa cikin dare. Shi wannan, ƙararrawa ba za ta yi masa komai ba. Akwai lalurar toshewar numfashi cikin barci, tana da alaƙa da hawan jini, kuma ana maganinta. Ya je ya ga likita, ya tafi da wanda ke jin minsharin don ya yi bayani.