Ga masu son motsa jiki a bakin ruwa

Salam 'yan uwa, musamman na Obalende da Ikoyi a Legas, wanda likita ya ce ya dinga tattaki saboda hawan jini ko suga ya gwada gadar Lekki-Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013 zamanin gwamna Fashola. Tsawonta kusan kilomita ɗaya da rabi ne, ka je ka dawo ka kusa yin uku kenan, kuma akwai hanyar masu ƙafa a gefe, ba ruwanka da motoci.

Ni ina fita ne da an sallame sallar asuba, wallahi lokacin iskar lagun ɗin, wato ruwan da gadar ta ƙetare, tana kaɗawa da sanyi, kana hango masu kamun kifi a ƙananan kwale-kwalensu suna jefa koma, ga mutane birjik wasu na gudu wasu a keke, ba za ka ji kaɗaici ba. Ƙarfe takwas na yi rana ta buɗe, zufa kawai za ka sha.

Ka riƙe ruwan gora, ka sa kambas mai taushi, waya kuma a aljihu. Masu keke don Allah ku sa hular kwano da fitila, hawan gadar yana da ɗan tudu, a gangaren dawowa a riƙe birki sosai.