Yadda Ake Tsabtace Tsoffin Kwabbai da Sulalla Ba Tare da An Ɓata Su Ba

A gidaje da yawa akwai gwangwani ko ƙullin tsumma mai ɗauke da kuɗin zamanin Turawa: anini da kwabo masu huda a tsakiya, taro, sisi, sule mai hoton bishiyar kwakwar manja, wani lokaci har da dalar Maria Theresa mai shekarar 1780 da mata ke ado da ita. Wanda ya gaji irin waɗannan, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ya ɗauko toka da lemon tsami ya dirje su kamar tukunya. To, nan ɓarnar take. Duhun da ke jikin tsohon kwabo rigarsa ce, ita ta kare shi shekara da shekaru, kuma masu tara tsoffin kuɗi da kallo ɗaya suke gane wanda aka dirje, su karya masa farashi. Aikinka shi ne ka tsayar da abin da ke cin ƙarfen, ka bar sauran yadda yake.

Mataki na 1: Gane ƙarfen

Duba shekarar da ke jiki. Aninin 1907 na alminiyom ne, bai jure yanayin ƙasar nan ba, shi ya sa daga 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Sulallan 1913 zuwa 1919 azurfa ne, daga 1920 aka sauya su da tagulla mai ruwan ɗorawa. Kwabon 1952 zuwa gaba, har da na Najeriya na 1959, jar tagulla ce. Ware su kashi-kashi, kada ka jiƙa ƙarfe biyu a kwano ɗaya. In ka ci karo da kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, ka kula da shi: a shekarar ya yi murabus, kuma a Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba.

Ka riƙa kama su ta gefe, domin gumin yatsa na da gishiri.

Mataki na 2: Duba irin lalacewar

Fita da su haske ka duba da gilashin ƙara girma. Baƙi ko ruwan ƙasa mai santsi da ya zauna daram, wannan lafiya ce, kada ka taɓa. Ƙasa, maiƙo da danƙo datti ne, suna fita. Abin tsoro shi ne koren gari mai haske da ke tashi in ka sa tsinke. Wanda ka ga haka a jikinsa, raba shi da sauran nan take.

Mataki na 3: Jiƙo

Nemi tataccen ruwa, irin wanda aka tafasa aka tara tururinsa, ana samu a kemis da wajen masu kayan ɗakin gwaje-gwaje. Ruwan famfo na da kilorin, na rijiya na da gishiri. Kada ka karɓi ruwan batir a madadinsa, sau da yawa akwai asid a ciki. Zuba a kwanon gilashi, sa kwabon, sauya ruwan kullum. Bayan 'yan kwanaki ƙasar za ta yi laushi, sai ka ture ta a hankali da tsinken sakace da ka jiƙa bakinsa. Allura, reza da soson ƙarfe ba su da wuri a nan. Waɗanda aka tono a tukunya suka manne da juna, bar su a ruwa su saki da kansu, ko da za a kai mako da yawa. Na alminiyom kuwa ɗauraya kawai, kada ya kwana a ruwa.

Danƙon salatif ko maiƙo, asiton zalla, wato sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, ke narkar da su cikin 'yan mintuna, kuma ba ya cin ƙarfe. Na goge farce yana da turare da mai, bai dace ba. Yi aikin a sarari, nesa da wuta.

Mataki na 4: Maganin koren gari

Wannan ne ke buƙatar haƙuri. Gishiri ne ya shige cikin tagullar, duk lokacin da ya haɗu da danshi sai ya haifar da asid, asid ɗin ya ci ƙarfe, ya sake haifar da wani garin. Shi ya sa za ka goge yau, damina ta shigo ka tarar ya dawo, har ya rarake kwabon.

Fara da kwashe garin da tsinke. Sannan auna giram 25 na bekin soda da giram 25 na sodar wanki (sodium carbonate, ba soda mai ƙuna da ake yin sabulu da ita ba), narka a lita ɗaya ta tataccen ruwa, jiƙa kwabon, sauya ruwan duk mako har ya daina yin kore. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ka sani wannan haɗin na iya rage duhun kwabon, saboda haka wanda ke ciwo kaɗai ake yi wa. Azurfa ba ta buƙatarsa, alminiyom kuwa cinye shi yake yi. Wani zai ce ai kanwa ma 'yar gidan su ce. Gaskiya ne, amma kanwar kasuwa gauraye take da gishiri da yashi, wato abin da kake ƙoƙarin fitarwa.

In kwabon mai wuyar samu ne, ni shawarata ka tsaya a busar da shi, ka nemi ma'aikatan adana kayan tarihi na gidan tarihi mafi kusa.

Dalar da maƙeri ya liƙa wa kunne don rataya, a bar mata kunnenta. Cirewa na barin tabon da ba ya gyaruwa, kuma adon ma tarihi ne.

Mataki na 5: Busarwa da ajiya

Ɗauraye da tataccen ruwa, ɗora a farin ƙyalle mai laushi, danna a hankali, kada ka goga. Tsoma shi a asiton na ɗan lokaci na kore ragowar ruwan da ya ɓuya a huda. Na tagulla da ka yi wa magani, sa masa ido wata guda kafin ka mayar da shi cikin sauran.

Kowane ɗaya ya samu 'yar ambulan tasa ta takarda marar asid, ka rubuta shekara da inda aka samo shi kafin ka saka. Guji leda mai laushi irin ta PVC, tana fitar da koren maiƙo da ke cin ƙarfe, haka kuma robar ɗaure kuɗi na baƙanta azurfa. Jera su a mazubi mai murfi da ke rufuwa ruf, ka jefa 'yan ƙullin silika irin na kwalin takalmi. A buɗe a duba a farkon damina da kuma cikin watan Agusta, a sauya silikar in ta sha danshi.